Me ya sa Amurka ba ta hutun 1 ga Mayu alhali a can abin ya faro?

Ƙanena, ka ce kun yi hutun ranar ma'aikata a nan, sai abokinka da ke karatu a Amurka ya ce maka su can ran nan aiki suka je babu wani hutu, shi ne kake son sanin dalili, ka kuma ƙara da cewa duk tarihin Amurkan da ka karanta daga Washington sai Lincoln sai Kennedy, ba ka taɓa cin karo da labarin lebura ba. To ai tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce. Na daɗe ina koyar da wannan fannin kuma abu ne da yake taɓa ni, saboda haka ka yi haƙuri zan ja maganar.

Abokinka gaskiya ya faɗa maka, su ranar ma'aikatansu Litinin ɗin farko ce ta watan Satumba. Amma 1 ga Mayun nan da ake fareti a Kano da Kaduna da Yamai, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da hutunta a jihar Kano a 1980 kafin gwamnatin tarayya ta bi a 1981, asalinta birnin Shikago ne a shekarar 1886.

A wancan lokacin lebura a masana'antar Amurka awa goma zuwa sha biyu yake yi a rana, kwana shida a mako, a wasu wuraren narkar da ƙarfe ma kwana bakwai cur, kuma har da yara ƙanana. In inji ya cinye maka hannu shi ke nan an sallame ka, gobe wani ɗan ci-rani da ya sauka daga jirgin ruwa ya maye gurbinka. Abin da za ka lura da shi shi ne jihar Illinois, inda Shikago take, ta riga ta yi dokar awa takwas tun 1867, amma dokar ta bar ƙofa cewa in mai gida da ma'aikaci suka yi yarjejeniya a kan fiye da haka to babu laifi, kai kuwa ka san wanda yake neman abin da zai ci yau ba shi da bakin yin ciniki. Dokar ta zauna a takarda kusan shekara ashirin. Shi ne a 1884 wata gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta ce daga 1 ga Mayun 1886 awa takwas za a riƙa yi, ko an yarda ko ba a yarda ba. Takensu shi ne awa takwas na aiki, takwas na barci, takwas na abin da muka ga dama.

Ranar ta zo, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka ajiye aiki a faɗin ƙasar, Shikago ce cibiya. Ranar 3 ga wata 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu yajin aiki a ƙofar kamfanin McCormick mai ƙera injinan girbi, mutum aƙalla biyu suka mutu. Washegari da daddare aka kira taron nuna ɓacin rai a wani fili da ake ce wa Haymarket, wato kasuwar harawa ce a da. Magajin gari Carter Harrison da kansa ya zo ya tsaya ya saurara, ya ga babu wata fitina ya tafi gida. Hadari ya haɗo, mutane suka fara watsewa saura 'yan ɗaruruwa, mai jawabi na ƙarshe Samuel Fielden yana tsaye a kan amalanke yana shirin rufewa, sai ga 'yan sanda wajen ɗari da saba'in da wani abu sun taho a jere suka ce a watse. A nan ne wani ya jefa bam cikinsu. Aka kama harbi a cikin duhu, 'yan sanda bakwai suka mutu, da yawa daga cikin waɗanda suka ji rauni harsashin 'yan'uwansu ne ya same su, farar hula kuma aƙalla huɗu. Har yau ba a tabbatar da wanda ya jefa bam ɗin nan ba.

Mutum takwas aka gurfanar, yawancinsu 'yan ci-rani daga Jamus, 'yan jarida da masu ɗab'i da kafinta. A nan dole in yi maka adalci kar in sayar maka da rabin labari: mutanen nan ba masu sanyin baki ba ne, ra'ayinsu shi ne a rushe tsarin mulki gaba ɗaya, jaridunsu sun sha cewa ma'aikata su nemi makami, ɗaya daga cikinsu Louis Lingg ma tabbas yana haɗa bama-bamai a ɗakinsa, kuma akwai masana tarihi da suke ganin wasunsu suna da masaniya a kan abin da ya faru. Amma ba a kawo hujjar cewa ɗayansu ne ya jefa ba, masu gabatar da ƙara ma ba su dage a kan haka ba, cewa suka yi kalamansu da haɗin bakinsu ne suka tunzura wanda ya jefa. George Engel yana gida yana karta lokacin da bam ɗin ya tashi. Albert Parsons ya riga ya bar filin. Mutanen da aka zaɓa su taya alƙali yanke hukunci, da yawansu sun faɗa da bakinsu cewa tuni suna ganin waɗanda ake ƙara masu laifi ne, aka kuma bar su suka zauna. Parsons da ya gudu ya ɓuya, shi ya dawo da ƙafarsa ya shiga kotu ya zauna tare da abokansa don yana ganin ba shi da laifi. Ranar 11 ga Nuwamba 1887 aka rataye huɗu, August Spies da Parsons da Adolph Fischer da Engel, shi kuwa Lingg ya kashe kansa a kurkuku ana gobe ratayar. Matar Parsons, Lucy, wadda aka haifa a cikin bauta, ta zo da 'ya'yanta biyu su yi ban kwana da ubansu, aka kwashe ta da yaran aka kulle a ofishin 'yan sanda har sai da aka gama. Matar nan ba ta daina yawo tana jawabi ba har rasuwarta a 1942.

A 1893 sabon gwamnan Illinois John Peter Altgeld ya zauna ya karanta takardun shari'ar, ya yi wa ukun da suka rage afuwa, ya kuma rubuta ƙarara cewa shari'ar ba ta gaskiya ba ce. Jaridu suka yi masa ca, zaɓen 1896 ya faɗi. Kafin nan kuma taron ƙungiyoyin ma'aikata da 'yan gurguzu da aka yi a birnin Paris a 1889 ya tsayar da 1 ga Mayu a matsayin ranar neman awa takwas a duk duniya, daga nan ta bazu har ta iso mu.

To ita Amurka fa? Hutun Satumba ya samo asali ne daga faretin wasu ƙungiyoyin ƙwadago a New York tun 1882, ba wai gwamnati ce ta ƙirƙire shi daga sama ba. Amma lokacin da aka mayar da shi hutun ƙasa shi ne abin dubawa, watan Yunin 1894, shugaba Grover Cleveland ya sa hannu ana tsakiyar yajin aikin kamfanin Pullman mai ƙera taragon jirgin ƙasa. Kamfanin ya zaftare albashi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu amma bai rage ko sisi daga kuɗin hayar gidajen da ma'aikatan ke ciki ba, gidajen kuma nasa ne, daga albashin yake cirewa. Kwanaki kaɗan bayan sa hannun nan shi dai Cleveland ɗin ya tura sojojin tarayya Shikago suka murƙushe yajin, mutum wajen talatin suka mutu, shugaban ƙungiyar Eugene Debs ya tafi gidan yari. Hukuma ta zaɓi ranar da ba ta tuna wa kowa da rataya. Daga baya da aka shiga zamanin gaba da Tarayyar Sobiyet 1 ga Mayu ta zama abin ƙyama gaba ɗaya, a 1958 ma aka sa mata sunan ranar biyayya ga ƙasa. A filin Haymarket kansa mutum-mutumin ɗan sanda aka kafa a 1889, sai a 2004 aka kafa abin tunawa da taron ma'aikatan a wurin.

Yanzu ɗaya ɓangaren tambayar, me ya sa ba ka ci karo da wannan a littafi ba. Littafin makaranta a ko'ina ya fi son ya ce shugaba wane ya ba da kaza a shekara kaza, don ya fi sauƙin haddacewa kuma ya fi daɗi ga masu mulki. Za a ce maka shugaba Roosevelt ya ba ma'aikata awa arba'in a mako. E, ya sa hannu a dokar 1938, amma daga 1886 zuwa 1938 shekara hamsin da biyu kenan, me ya faru a tsakani? Bari in nuna maka rana ɗaya daga ciki, don ita ce duk shekara in na zo koyar da ita sai ajin ya yi tsit.

Asabar 25 ga Maris 1911, birnin New York, kamfanin ɗinkin rigunan mata na Triangle, yana hawa na takwas da na tara da na goma a wani bene. Yawancin masu ɗinkin 'yan mata ne Yahudawa daga gabashin Turai da 'yan Italiya, mafi ƙanƙanta shekararsu sha huɗu. Ana dab da tashi, wajen biyar saura na yamma, an biya albashin mako wasu har sun fara ɗaukar jakunkunansu, wuta ta kama a kwandon ƙyallaye a hawa na takwas. Aka buga waya hawa na goma inda masu kamfanin suke, suka hau rufin bene suka tsira, su kuwa na hawa na tara ba wanda ya sanar da su sai ganin wuta suka yi. Ka ƙaddara layukan kekunan ɗinki a cunkushe, ga yadi ko'ina ga man keke a ƙasa. Suka ruga ƙofa ɗaya wuta ta tare matakalar, suka ruga ɗaya ƙofar suka tarar a kulle, an saba kulle ta don a tilasta kowa ya bi ta hanya ɗaya a duba jakarsa ko ya saci ƙyalle. Matakalar ƙarfe ta waje ta lanƙwashe ta zubar da waɗanda ke kanta. Masu tuƙa lif biyu suka yi ta hawa da sauka suna kwaso mutane har lif ɗin ya daina aiki. 'Yan kwana-kwana sun zo da wuri amma tsaninsu hawa na shida ya tsaya, ragar da suka shimfiɗa kuma ta yage. 'Yan matan nan suka tsaya a bakin taga jama'a na kallo daga ƙasa, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, wasu riƙe da hannun juna. Mutum 146 cikin abin da bai fi rabin awa ba. Wallahi abin da ya fi ci min rai shi ne shekara biyu kafin nan, a 1909, 'yan matan masana'antun ɗinki wajen dubu ashirin sun yi yajin aiki cikin sanyin hunturu, an doke su an kama su, kamfanoni da yawa suka sasanta da ƙungiya amma Triangle ta ƙi.

An gurfanar da masu kamfanin, Max Blanck da Isaac Harris, kotu ta wanke su don an kasa tabbatar da cewa sun san ƙofar a kulle take. Da iyalai suka yi ƙarar diyya dala 75 aka biya a kan kowane rai. A 1913 aka sake kama Blanck ya kulle ƙofa a wata masana'antar tasa ana cikin aiki, tarar dala 20 aka ci shi. Amma mutum sama da dubu ɗari sun fito jana'iza cikin ruwan sama, jihar New York ta kafa kwamitin bincike ta yi dokoki sama da talatin a kan tsaron masana'antu. A cikin waɗanda suka tsaya a titi suka ga faɗowar 'yan matan akwai wata mata Frances Perkins, ita ce a 1933 ta zama ministar ƙwadagon Roosevelt, mace ta farko da ta riƙe minista a ƙasar. Ka ga hanyar da dokar ta biyo kenan kafin ta iso teburin shugaba.

Ba ita kaɗai ba ce. A Ludlow ta jihar Colorado a 1914 masu haƙar kwal a kamfanin iyalan Rockefeller da aka kora daga gidajen kamfani suna zaune a tantuna, dakarun jiha suka kai musu hari aka cinna wa tantunan wuta, da safe aka tarar da mata biyu da yara sha ɗaya a cikin ramin da suka haƙa ƙarƙashin tanti don gudun harsashi, hayaƙi ya kashe su. A 1934 yajin aiki ya tsayar da San Francisco da Minneapolis da Toledo, sannan ma'aikatan masaƙu wajen dubu ɗari huɗu suka ajiye aiki, shekara ɗaya bayan nan aka yi dokar da ta tilasta kamfanoni su amince da ƙungiyar ƙwadago. A garin Flint ma'aikatan kamfanin motoci na General Motors zama suka yi a cikin masana'anta kwana 44 suka ƙi fita har kamfanin ya amince a watan Fabrairun 1937.

Haka ma Lincoln ɗin da ka ambata. Ban raina masa ba, amma a farkon yaƙin basasa manufarsa haɗin kan ƙasa ce, ya faɗa da kansa. A watan Mayun 1861 wasu bayi uku, Frank Baker da Shepard Mallory da James Townsend, suka tsallaka ruwa a kwale-kwale da daddare suka shiga sansanin sojan Arewa, wato ɓangaren Lincoln, na Fort Monroe a Virginia, kwamandan wurin ya ƙi mayar da su, labari ya bazu, dubbai suka biyo baya, gwamnati ta rasa yadda za ta yi da su sai ta fara sauya doka. Shelar 'yanta bayi da Lincoln ya yi a 1863 ta zo ne bayan bayin sun riga sun fara 'yanta kansu da ƙafafunsu, sannan baƙar fata wajen dubu ɗari da tamanin suka shiga sojan ƙasa. Da aka soke bauta a birnin Washington a 1862 kuwa iyayengijin bayi aka biya diyya, har dala 300 a kan kowane bawa, ba bayin ba. Gonar eka arba'in da aka fara raba wa 'yantattu a gaɓar tekun kudu a 1865, shugaba Andrew Johnson ya ƙwace ya mayar wa masu ita na da.

Sai dai ƙanena kar ka fita daga wannan maganar da tunanin cewa talaka kullum shi ne mai gaskiya, don wannan ma wata ƙaryar ce kuma ina yawan ganinta wurin ɗalibai masu zafin kishi. Ita ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasan da ta yi yajin Pullman ƙuri'a ta kaɗa ta hana baƙar fata shiga. 'Yan China da suka fasa duwatsu suka shimfiɗa layin dogo ta yamma, ƙungiyoyin ƙwadagon farar fata ne a gaba wajen neman dokar 1882 da ta hana su shiga ƙasar, a Rock Springs kuma a 1885 masu haƙar kwal farar fata, talakawa futuk, su suka kashe 'yan China aƙalla 28 suka ƙone musu gidaje. Masu kamfani sun san wannan ɓarakar sarai kuma sun ci moriyarta, in waɗannan suka yi yaji sai a kawo waɗancan, amma ba su suka riƙe wa kowa hannu ya ɗauki bindiga ba.

Ita ma dokar 1938 ɗin, da ta sa mafi ƙarancin albashi senti 25 a awa ta kuma rage mako zuwa awa 44 sannan 40 a 1940, ta cire leburorin gona da 'yan aikin gida, kuma a kudancin ƙasar yawancin baƙar fata aikinsu kenan, 'yan majalisar kudu ba za su bari ta wuce ba in ba haka ba. Shi ya sa shekara talatin bayan nan za ka tarar da abin da ya faru a Memphis. Ranar 1 ga Fabrairun 1968 ana ruwan sama, masu kwashe shara biyu, Echol Cole da Robert Walker, suka fake a bayan motar shara don ba su da wani wurin fakewa da aka yarda musu, injin matse sharar ya tashi ya niƙe su. Kwana goma sha ɗaya bayan nan abokan aikinsu wajen 1,300 suka ajiye aiki, mutanen da suke aiki cikakke amma albashinsu bai fitar da da yawansu daga layin karɓar tallafin gwamnati ba, suna tafe a titi da allo a wuya an rubuta ni mutum ne. Kowa ya san an harbe Martin Luther King a Memphis ranar 4 ga Afrilu, amma in ka tambayi aji me ya kai shi garin ba kasafai ake samun mai amsa ba, yajin aikin masu sharan nan ne ya kai shi. Ranar 16 ga Afrilu hukumar birnin ta amince da ƙungiyarsu, ta kuma yarda da ƙarin senti goma a awa, da wasu senti biyar bayan 'yan watanni, kuma ko wannan ɗin sai da suka yi barazanar komawa yaji kafin a cika musu.